Dajin Bayan Katanga

Injin ya riga ya ci rabin gindin ɗinyar kafin Mai Ɗinki ta gane cewa ba babur ake gyarawa a bakin titi ba. Ta ɗage ƙafa daga kan keken, ta kasa kunne. Daga bayan katangarta ƙarar take fitowa, daga gidan Baba Mai Daji, gidan da tun da ta tare a unguwar ba ta taɓa jin an sari ko tsinke a cikinsa ba. Ta miƙe da takalmi ƙafa ɗaya, tef ɗin awo na lilo a wuyanta, ta yi waje.

Ƙofar gidan a wangale take. Ta ratsa tsakar gida, ta bi lungun da ke fita baya, sai ta ja ta tsaya. Rana ce kwance a ƙasa fetal, a wurin da rana ba ta taɓa sauka ba. Bauren nan da ke yi mata ɓarin 'ya'ya a kan shanya yana kwance, an datsa shi gunduwa-gunduwa. Wasu ƙarti biyu na jan rassa, wani na bin ƙasa da adda yana sassabe duk abin da ya yi kore.

"Kai! Kai mai injin! Kashe abin nan!"

Mutumin bai ji ba, ko kuma ya ji ya yi kamar bai ji ba. Sai da ta je ta finciki rigarsa ta baya sannan ya kashe, ya juyo yana tofar da garin katako.

"Inna, ki matsa, wallahi za ta iya faɗo miki."

"Ta faɗo mini ɗin. Uban wa ya sa ku?"

Ya nuna mata da haɓa. Can jikin bango, a 'yar inuwar da ta rage, Dogo ne tsaye cikin fararen kaya yana latsa waya. Shi ne babban ɗan Baba Mai Daji. A wurin aikinsa an ce Manaja ake kiransa, har ana buɗe masa ƙofar mota. Ita dai Dogo ta sani, don ita ta ɗinka masa wandon makaranta na farko, kuma ita ta yi ta sake masa ƙafar wandon duk shekara.

"Ina kwana, Inna," in ji shi, ya ɗan rusuna.

"Riƙe gaisuwarka. Me nake gani haka?"

"Gyara ne muke ɗan yi."

"Gyara? Ubanka na kwance a asibiti, kai kuma ka zo ka yi masa gyara?"

Ya sa wayar a aljihu, ya matso kusa, ya sassauta murya. "Inna, mu faɗa wa juna gaskiya. Likita ya ce ba sauran abin da za su yi masa. Yau da yamma za a dawo da shi gida. Kwanaki ne kawai suka rage. In abin ya faru, mutane za su zo, abokan aikina, surukaina, mutanen da ke ganin girmana. A ina zan zaunar da su? A cikin tururuwa? Su koma suna cewa mun bar ubanmu ya ƙare rayuwarsa a cikin bola?"

Mai Ɗinki ta dube shi sama da ƙasa. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ba mugunta a fuskarsa. Idanunsa sun yi ja, da gani bai yi barci ba, kuma har ga Allah yana ganin hidima yake yi wa uban nasa.

"Mutum yana numfashi, kai kana shimfiɗa wa masu gaisuwa tabarma," ta ce. "Allah ya shirye ka, Dogo."

"Haba Inna. Ai ke ma kin sha cewa ganyen nan na toshe miki magudanar ruwa."

"Na faɗa. Gobe ma da zan faɗa. Amma tsakanina da shi ne, ba ruwanka a ciki."

Gaskiya ne, duk unguwar ba wanda ya kai ta faɗa da Baba Mai Daji a kan wannan wuri. Filin gidansa ya fi na kowa girma, amma ɗakuna uku kacal ya gina a gaba, ya bar sauran ya yi abin da ya ga dama. Ba ya shara, ba ya sassabe, ba ya yarda a kira wurin lambu. Ganye in ya faɗi, nan zai ruɓe. Ta yi masa faɗan sauro, ta yi masa faɗan jemagu, ta yi masa faɗan saiwar da ta tsaga mata gindin katanga. Ranar da ta tarar da maciji a kwandon yadinta, ta hau kan turmi ta leƙa ta katanga tana zazzaga masa masifa, har muryarta ta dishe. Ya tsaya yana saurarenta da hannu a baya, da ta numfasa sai ya ce, "Maƙwabciya, wane launi ne? Kansa mai faɗi ne ko siriri?" Da ta kwatanta masa ya yi murmushi ya ce ai wannan ɓera yake ci, ta yi baƙo mai amfani.

A irin wannan faɗan ta san tarihinsa, don shi ba ya ramuwa, sai dai in ta kai ƙarshen masifarta ya ɗauko labari. Ita kuma ta tsaya da tsintsiya a hannu tana ji, har tukunyarta ta kama.

Ubansa mai ƙona gawayi ne. A bakin wani ƙungurmin daji aka haife shi, dajin da in ka shiga da tsakar rana sai ka ɗauka magariba ta yi. Tun bai kai ya ɗaga gatari ba uban ke tafiya da shi, shi ke riƙe gorar ruwa. Uban na sara, shi kuma yana kwance rub da ciki yana kallon yadda gara ke gini, ko yana bin wani tsuntsu har ya ɓata. Ya sha duka a kan wannan. Sau ɗaya ya ɓoye gatarin a cikin kogon itace, don uban ya sa ranar sare wata ƙirya da hasbiya ta yi ƙwai a kanta. Dukan da ya sha ran nan, tabonsa na nan a kafaɗarsa har tsufa, kuma ƙiryar ba ta tsira ba. Daga ranar ne ya fara wata ɗabi'a: duk itacen da uban ya kayar, sai ya tsinci 'ya'yansa ya cusa a aljihu. Uwarsa ta gaji da wanke masa riga cike da ƙwallaye.

Da ya girma ya yi karatu, ya shiga aikin gandun daji, ya ƙare ƙuruciyarsa yana kora ana dawowa. Ya kama masu sara, aka sake su kafin ya iso gida. Ya tsaya gaban motar katako, aka yi masa canjin wurin aiki. Yana ji yana gani dajin da aka haife shi a bakinsa ya koma gonaki, gonakin suka koma filaye, filayen suka koma shaguna da gidan mai. Ya taɓa ce wa Mai Ɗinki ya je neman inda ɗakin uwarsa yake, ya tarar ana wankin mota a wurin. Abin da ya rage na wancan daji a duk duniya shi ne wannan da ke bayan katangarta, jikokin ƙwallayen aljihun nan, da waɗanda tsuntsaye suka kawo daga baya.

Dogo ya san wannan labarin sarai. Ya dai ji shi ne sau da yawa har ya daina jinsa.

"Auta ta sani?" ta tambaye shi. Auta ita ce ƙanwarsa, ita ke jinyar uban a asibiti.

"Auta yarinya ce, Inna. Ni ne babba."

"To bari in ji daga bakin yarinyar."

Ta juya ta nuna mai injin da yatsa. "Kai kuma, in ka sake tayar da abin nan kafin in dawo, sai na ɗinke maka baki." Ƙartin suka kwashe da dariya. Ta koma gida da sauri, ta birkice kan keken tana neman waya, ta same ta ƙarƙashin wani yadi. Tana cikin neman lambar ta ji injin ya tashi. Kafin Auta ta ɗauka, ƙasa ta girgiza, kwanonin da ke jere a ɗakin suka yi ƙara. Ɗinyar ce ta tafi.

Ta dawo da wayar a kunne, ta tarar sun koma kan marken da ke daidai tagar ɗakin tsohon, wanda shi ne babban da ya rage. Ta yi ihu, ta ɗaga hannu, ba wanda ya kula. Ta danna wayar yadda kowa zai ji, ta tura ta gaban fuskar Dogo.

"Yaya? Yaya, kai ne?" Muryar Auta ce. "Me Inna take cewa? Wace ƙara ce wannan? Yaya, tun jiya ba abin da Baba ke faɗa sai a kai shi gida. Ya ce a juya masa gado ya fuskanci taga. Ya ce ba ya son komai, ba ya son kowa ya wahala, a bar shi kawai ya kalli itatuwansa. Saboda su ya ce a sallame shi. Yaya, kana jina?"

Dogo ya karɓi wayar, ya juya, ya ɗaga hannu zai tsayar da su. Marken ya yi wata ƙara kamar ƙofa mai tsatsa, ya karkata a hankali, ya kwanta.

Mai injin ya kashe, ya share gumi. "Oga, saura kututture. Wannan sai gobe, da diga."

Dogo ya tsaya tsuru-tsuru da waya a hannu, Auta na kuka a ciki. Mai Ɗinki ta so ta wanke shi tas, kalmomin ma sun taru a bakinta, amma ta ga ba wadda za ta tayar da marke. Ta karɓe wayarta ta yi gida.

Ba ta daɗe da zama ba Dogo ya yi sallama. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar wanda aka aiko, ya kasa haɗa ido da ita.

"Inna, taimako za ki yi mini."

"Injin zan riƙe maka?"

"Labule. Mai kauri, wanda ba a ganin waje. In an shigo da shi ta gaba ba zai ga baya ba. Sai mu ce likita ya hana shi haske. Kwana nawa ne, Inna? Ya tafi da ransa a kwance."

"Ka sare masa daji, ni kuma in ɗinke masa ido."

"Don Allah, Inna. Ba don ni ba."

Ta kore shi. Ta zauna tana huci, ta ce wallahi ba za ta yi ba, ta faɗa wa keken, ta faɗa wa bango. Sannan ta tuna fuskar tsohon in yana nuna mata sabon toho ta saman katanga, yadda yake rage murya kamar kada ya tashi jariri. Ta miƙe ta jawo wani yadi mai nauyi, ruwan ƙasa, da wata ta kawo ta fasa karɓa. Ba ta auna ba, don ta san tagar. Ta taka keken kamar shi ya yi mata laifi, allura ta karye, ta sa wata. Tun da take ɗinki ba ta taɓa yin aikin da ta tsana kamar wannan ba, kuma da hannunta ta je ta rataya shi.

Da la'asar motar ta iso. Dogo da direba suka ɗauko shi a kan kujera, Auta na biye da ledar magunguna, idanunta a kumbure. Ya rame ƙwarai. Mutumin da ke hawa baure har bayan ya yi jikoki, yau ga shi kamar a ɗauke shi da hannu ɗaya. Aka kwantar da shi, gadon na fuskantar taga yadda ya ce, tagar kuma a rufe da labule.

"Maƙwabciya," ya ce, muryar can ƙasa. "Kin zo ki ga ko na mutu ki huta da ganye?"

"Ina ka ga mutuwa? Kai da za ka binne mu duka."

Ya yi 'yar dariya, ta koma tari. Auta ta ba shi ruwa. Ya kwanta yana kallon labulen.

"Wannan ɗinkinki ne," ya ce. "Da fushi kika yi shi. Dubi yadda bakinsa ya karkace."

Ta sunkuya tana gyara masa zanen gado.

"Baba, likita ya ce haske zai dame ka," in ji Dogo da sauri. "Ya ce a bar ɗakin da duhu."

Tsohon ya lumshe ido, suka ɗauka barci ne, har Auta ta fara tattara kofuna a hankali. Ashe saurare yake yi.

"Ɗakin nan bai taɓa zafi haka ba," ya ce, ido a rufe. "Kuma yamma ta yi, ban ji kukan cilakowa ba." Ya ja numfashi ta hanci, a hankali, ya sake ja. Mai Ɗinki ma sai a lokacin ta lura da warin, ya cika ɗakin, warin ɗanyen itace da man inji. Labule ba ya tare wari, kuma duk cikinsu ba wanda ya yi wannan tunanin.

"Buɗe," in ji tsohon.

"Baba, likita..."

"Likita bai ce ba, ina wurin. Buɗe, Dogo. Kai da kanka."

Dogo ya je ya ja labulen. Hasken yamma ya faɗo kan gadon gaba ɗaya. Fili ne fetal, an share shi tas har ana ganin sawun tsintsiya, an jera itacen a jikin katanga tsaf-tsaf. Kututtura ne kawai ke tsaye nan da can, farare, wasu na tsatsar da ruwa.

Ya daɗe yana kallo. Mai Ɗinki ta ƙura masa ido tana jira. So take ya yi ihu, ya tsine, ya ɗaga wannan siririn hannun ya nuna wa yaron ƙofa. Da ya yi haka da ta taya shi, da ta samu inda za ta sauke fushin da ta ɗauko tun safe.

"Ashe gidan mai wanki kusa yake haka," ya ce.

Auta ta toshe baki ta fita da gudu. Dogo ya durƙusa a gaban gadon.

"Baba, wallahi ban sani ba. Saboda baƙi ne. Na ga za a taru, ba wurin zama."

"Na gane. Baƙina ne ai." Ya juyo da kai ya dubi ɗan nasa, ba fushi a idonsa, kuma wannan ya fi fushin ciwo. "Ka gaji kakanka. Shi ma in ya shiga wuri, tas yake yi masa. Ba ya aikin ha'inci."

Dogo ya kifa kai a bakin katifa, kafaɗunsa na rawa. Tsohon ya bar shi ya yi mai isarsa, sannan ya ce, "Kututturan, an taɓa su?"

"Gobe za su zo su tone."

"Kada su zo. Kada a tone, kada a ƙona, kada a zuba musu komai. Marke in an bar shi yana tohowa. Ƙirya ma, in ta ga dama. Da ƙananan da aka sare da adda, duk a bar su." Ya tsaya ya huta. "Za su tare wa mutane hanya. Wanda ya yi tuntuɓe, ku ba shi haƙuri."

"Na ji, Baba. Na yi alkawari."

"Maƙwabciya, kin ji shi."

"Na ji shi," ta ce. "Da kunnena biyu."

"To cire labulenki ki tafi da shi. Ki warware bakin ki sake, kada a ce ke kika yi."

Bai ƙara yarda an rufe tagar ba. Kwanakin da suka rage masa haka ya yi su, fuska ga fili, rana na dukansa da yamma, Auta na yi masa fifita. Mai Ɗinki kan shigo da safe ta zauna a gefe da ɗinkin hannu. Ba ya magana sosai. Wani lokaci kurciya kan sauka kan katanga ta dudduba ta tashi, sai ya bi ta da ido har ta ɓace. Wata safiya Auta ta fita ɗauko ruwan zafi, Mai Ɗinki na zura zare a allura, da ta ɗago ta ga idanun na kallon taga amma ba kowa a cikinsu. Ta ajiye allurar ta rufe masa su.

Baƙi kuwa sun zo, Dogo bai yi ƙarya ba. Bayan an kai shi an dawo, aka kafa rumfunan haya a filin, aka jera kujerun roba, motoci suka cika layin har bakin titi. Rana ta buɗe, rumfunan suka ɗau zafi, manyan mutane na ta fifita da hula suna matsar da kujera neman inuwa. Mai Ɗinki na daga gefen mata tana jin su. "Allah ya jiƙansa, mutum ne mai son itatuwa." "Ƙwarai kuwa, irinsu sun ƙare." Wani ma cewa ya yi ya kamata a dasa bishiya da sunansa. Can jikin katanga masu girki sun ɗora manyan tukwane, kuma da itacen bauren suke ta fama, ɗanye shar, ya ƙi kamawa sai hayaƙi. Ta ji kamar ta tashi ta kife tukwanen. Ta zauna dai, tana murza gefen zanenta.

Ana cikin haka surukin Dogo ya iso, uban matarsa, babban mutum mai jiki, mutane na miƙewa suna gaishe shi. Yana tafe yana amsawa, bai duba ƙasa ba, ƙafarsa ta ci karo da wani ɗan kututture. Ya tafi gaba ɗaya, ya kife a kan kujeru, hula ta yi gefe. Wuri ya kaure da salati. Aka ɗaga shi, gwiwar wandonsa ta yage, babban yatsansa na jini.

Kawun su Dogo, ƙanin marigayin, ya taso yana faɗa. "Wane irin sakarci ne wannan? An yi aiki an bar shi rabi! Tun safe mutum nawa suka yi tuntuɓe? Sai an karya wani? Kai, je ka kira masu digar nan, suna bakin kasuwa. Yanzu-yanzu a tone su a huta!"

Mai Ɗinki ta nemi Dogo da ido. Yana durƙushe yana kakkaɓe wa surukinsa riga, gumi na zuba, yana ta ba da haƙuri. Ya ji abin da kawun ya ce, ta ga ya ji. Ya ɗago ya dubi kawun, ya dubi surukin, ya dubi jama'ar da suka zuba masa ido, sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da kakkaɓe rigar. Wanda aka aika ya riga ya kai ƙofa.

Ba ta tsaya jiran bakin Dogo ba. Ta tashi ta ratsa taron, ta shiga gidanta, ta jawo buhun da take tara ƙyallayen ɗinki a ƙarƙashin tebur. Ta dawo da shi a ka, ta dire shi a tsakiyar fili, gaban manya da ƙanana. Ta zaro wani jan ƙyalle, ta yaga shi da haƙori, ta durƙusa ta naɗe kututturen da ya kayar da surukin, ta ƙulle tam.

"Ke kuma me kike yi haka?" in ji kawun.

"Mai ido ya gani, ya ɗaga ƙafa," ta ce, ba ta ko dube shi ba. "Mai gidan ya ce a bar su. A gabana ya faɗa, kuma akwai wanda ya ce ya ji."

Ta matsa gaba ta kama na biyu. Gwiwoyinta na ciwo, ƙasar na ƙuna, ta ci gaba da rarrafe daga wannan zuwa wancan, tana lalubo har ƙananan da ba su fi yatsa ba. Tana kan na marke, wanda sai da ta haɗa ƙyalle uku kafin ya zagaye shi, ta hango masu diga sun iso bakin lungu. Ta ga Dogo ya miƙe ya nufe su. Ba ta ji abin da ya ce ba, ta dai ga ya daɗe yana magana, kawun na ɗaga hannu a bayansa, sannan mutanen suka saɓa digarsu suka juya.

Ya dawo ya tsuguna kusa da ita da fararen kayansa, ya ɗauki wani shuɗin ƙyalle, ya fara naɗa wa wani ɗan kututture.

"Ba haka ake yi ba," ta ce. "Ka shaƙe shi. Sassauta."

Ya kwance ya sake.

Da rana ta yi sanyi baƙin suka fara tafiya. Filin ya cika da ja da shuɗi da rawaya, guntun atamfa da guntun shadda, kowanne a gindinsa, iska na ɗan kaɗa bakinsu. Mutane na fita ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tattare riga, kansa a ƙasa, yana zagaye su a hankali.